An ce a kai shi gida, babu sauran abin yi: shin da gaske babu?

Uwar_Jinya
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so masana su warware mana. Idan ciwon daji ya yi nisa, ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu, akan sallami marar lafiya a ce wa dangi su kai shi gida su ci gaba da addu'a. Abin da ake haɗa su da shi bai wuce farasitamol da taramadol ba, sai allurar fentazosin da mai kyamis zai riƙa zuwa yana yi idan ihu ya yi yawa. Da an ambaci mofin kuwa, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, sai dangi su ja da baya, wai allurar ƙarasawa ce. To da gaske ne mofin na gaggauta mutuwa? Kuma mene ne takamaimai za a iya yi a gida da kayan da ake samu a garuruwanmu? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, kada a tsaya a "Allah ya sawwaƙe" kaɗai.

LikitanZogi
Wa alaikumus salam Hajiya. Mofin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa daidai da zafin ciwo, ba ya gaggauta mutuwa. Abin da ya ɓata masa suna shi ne ba a kawo shi sai mutum ya kai gargara, ya rasu bayan kwana biyu, sai a ce maganin ne, alhali ciwon ne ya riga ya gama aikinsa.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986 mataki uku ne: farasitamol da dangin ibufurofen, sannan kodin ko taramadol, sannan mofin. Ka'idarsa a sha ta baki, kuma a sha bisa agogo, ba sai zogi ya dawo ba. Babba wanda bai taɓa shan irin waɗannan magunguna ba ana fara masa da miligiram 2.5 zuwa 5 na mofin na ruwa duk bayan awa 4. Tsoho, ko wanda ya rame sosai, 2.5. Idan zogi ya ɓarke kafin lokaci, a ba shi ƙari daidai da abin da yake sha a awa 4, a rubuta a takarda. Washegari a yi lissafi. Misali yana shan 5 sau shida, 30 ke nan, ya kuma nemi ƙari sau huɗu, 20 ke nan, jimilla 50. Ka raba shida ka samu kusan 8, sai likita ya mayar da shi 7.5 duk awa 4. Ƙarin da likita ke yi wa adadin na duk awa 4 a lokaci guda bai kamata ya wuce kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ba. Babu wani adadi da ake cewa an kai ƙarshe, zogin ne ke nuna inda za a tsaya.

BabanIkram
Likita ranka ya daɗe, ni fa ban ga dacewar baza adadin magani haka a fili ba. Kowa ya san abin da kodin da taramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Yanzu kuma a ce a ajiye kwalbar mofin a ɗaki?

MaiFamasi_Shika
BabanIkram, damuwarka a kan hanya take, amma mofin ba a shiga kyamis a saye shi. Sai da takardar likita, daga famasin babban asibiti, ana rubuta sunan wanda aka ba wa da adadin a rajista ta musamman. Bayanin da Likita ya yi na mai jinya ne, don ya gane abin da aka rubuta masa. A gida kuwa: mutum ɗaya ya riƙe kwalbar, a kulle ta a akwati, nesa da rana da yara, a auna da sirinji marar allura, ba da cokali ba, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A karanta ƙarfin da ke jikin kwalbar kowane karo. Akwai mai miligiram 5 a mililita 5, akwai mai 50 a mililita 5. Wanda ya saba zuƙo mililita 5 na farkon, aka sauya masa kwalba bai lura ba, ya ba da ninki goma ke nan. Wannan shi ne haɗarin gaske. Abin da ya rage bayan rasuwa a mayar wa famasi.

Batun kamuwa da jaraba kuma, wanda ke shan sa don zogin daji bisa agogo da wuya ya zama ɗan ƙwaya. Jiki dai yakan saba, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa.

Nas_Tudunwada
Ga yadda ake sauƙaƙa wa masu jinyar da ba sa bin agogo: da asuba wajen ƙarfe 6, da hantsi ƙarfe 10, da azahar ƙarfe 2, da magariba ƙarfe 6, sai lokacin kwanciya ƙarfe 10 a ba da ninki biyu, don kada a tashe shi ƙarfe 2 na dare. Auna zafi kuma da yatsun hannu: dunƙule babu ciwo, yatsa biyar ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba. A tambaye shi safe da yamma a rubuta. Namiji Bahaushe zai ce maka "da sauƙi" yana cije leɓe, amma idan ka ce ya nuna da yatsu zai ɗaga huɗu.

LikitanZogi
Sista, ninki biyun dare ana yin sa sosai, musamman a tsarin Yuganda, amma ba ga kowa ba. Tsoho mai rauni, ko mai matsalar ƙoda, gara a bar masa adadinsa a ajiye na ƙarfe 2 kusa, in ya farka ya sha. Ƙoda ce ke fitar da ragowar mofin, idan ta gaza sai ya taru. Alamun taruwa: barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, zabura ko fizgar gaɓoɓi, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sauka ƙasa da 8 a minti. A tsallake na gaba, a kira ma'aikacin lafiya nan take. Gyangyaɗin kwana biyu zuwa uku na farko daban ne, wannan yana wucewa, kuma sau da yawa bashin barci ne mutum ke biya.

Ungozoma82
Babu wanda ya yi maganar bayan gida. Tashin zuciya da gyangyaɗin mofin suna wucewa cikin mako guda, taurin bayan gida ba ya wucewa har ranar da aka daina. Duk ranar da aka fara mofin ko kodin ko taramadol, ranar za a fara Dulcolax miligiram 5 zuwa 10 da dare, ko ƙwayar sanna, a haɗa da laktulos idan kashin ya yi tauri. Kwana uku ba a fita ba, a duba dubura da safar hannu. Wani lokaci za a ga ruwa-ruwa na zuba a ce gudawa ce a ba da maganin tsayar da gudawa, alhali kashi ne ya daskare ya toshe hanya, ruwa ke bi ta gefe. Maganin gudawa a nan ƙara lalata al'amarin yake.

Dan_Maradi
Filasko fa? A ƙauye shi ake samu, ba Dulcolax ba.

MaiFamasi_Shika
Filasko dangin sannar ne, aikinsu ɗaya. Matsalar ba ka san ƙarfin abin da ka jiƙa ba, yau ya yi kaɗan gobe ya murɗa ciki har mutum ya galabaita. In babu wani, a fara da ɗan tsinkakken jiƙo da dare a ga yadda jiki ya karɓa. Busassun 'ya'yan gwanda da aka daka su ma ana amfani da su a gidajen jinya na gabashin Afirka. Amma idan ciki ya kumbura, ana amai, babu kashi babu tusa, kada a ba da ko ɗaya, hanji ne mai yiwuwa ya toshe.

Bari in koma kan fentazosin da Hajiya ta ambata. Aikinsa gajere ne, yana da iyakar da in an wuce ba ya ƙara kashe zafi sai ruɗewa da gane-gane, yawan allurar na mayar da cinya da ɗuwawu gyambo, kuma in aka yi wa mai shan mofin yana ture mofin ɗin zogi ya dawo sabo. Fetidin ma bai dace da ciwo mai tsawo ba, ragowarsa na taruwa ta kawo jijjiga. Taramadol kada ya wuce miligiram 400 a yini. Wanda ya kai 400 bai samu sauƙi ba, ya riga yana shan kwatankwacin mofin 40 a yini, don haka idan za a sauya shi ba a fara masa da 2.5, zai ce sabon maganin bai kai tsohon ba. Ana tsayar da taramadol ɗin, ba a haɗa su.

Fisiyo_Kn
Ba kowane zogi ne mofin ke gamawa da shi shi kaɗai ba, a tambayi yadda ciwon yake. Na ƙashi yana tsananta da motsi, yana jin ibufurofen 400 sau uku ko diklofenak 50 sau uku bayan abinci, in babu olsa, babu ciwon ƙoda, babu zubar jini. Gashi da na'urar ƙona daji ta asibiti sau ɗaya tak a wurin da ƙashin ke ciwo, abin da masu gashi ke kira gire 8, yana rage zogi ga mafi yawan mutane cikin makonni kaɗan, ba sai an yi zaman wata guda ba. Ana yi a Shika da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, sai dai a bincika ta waya kafin a ɗauko marar lafiya a mota. Na jijiya kuma, mai kama da ƙuna ko tsira allura ko jan lantarki, amitiriftilin 10 zuwa 25 da dare ake ƙarawa, kuma sai ya yi kwanaki kafin a ga aikinsa.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: sabon ciwon baya mai zagaye ƙirji ko ciki, ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba. Dajin ne ya danne laka. Yawanci mai sankarar mama ko ta furostet ko ta huhu. A kwantar da shi a miƙe, a kai shi asibiti ranar, ana ba da deksametazon, maganin rage kumburi, miligiram 16 kafin a yi hoto da gashi. Wanda aka kama yana iya tafiya galibi yana ci gaba da tafiya, wanda ya kwana biyu a shanye da wuya ƙafa ta dawo. Kada a ɓata kwanakin nan wajen mai ɗori ko tausa.

Dan_Maradi
Mu ma a nan an buɗe wurin gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai tun 2021. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, mai ciwon ƙashi ba zai jure ba sai an kashe masa zafin tukuna. A ba shi ƙarin mofin minti 30 kafin a ɗaga shi, haka ma kafin wanka ko wankin gyambo.

Nas_Tudunwada
Tunda an zo kan gyambo. Sankarar mama da ta fashe ita ce ke sa a ware mace a ɗakin ƙurya, ba don zafi ba, don wari. Warin nan na ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda babu iska ne, kuma Flagyl na kashe su. Yadda ake yi:

A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin leda ɗaya ta fiya wata, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, a bari ya huce. A jiƙa tsohon bandejin da ruwan har ya saki da kansa. Kada a fizge shi a bushe, nan jini ke ɓallewa. A kwarara ruwan a kan gyambon, ba a gogewa. A daka ƙwayar Flagyl ta miligiram 200 ko 400, wadda ba ta da rufin sukari, ɗaya ko biyu gwargwadon faɗin wurin, ta zama gari, a barbaɗa. A rufe da gozi mai basilin, sannan audugar mata a sama don tsotse ruwa, a riƙe da rigar mama mai laushi ko ƙyalle maimakon filasta mai ɗaye fata. Sau ɗaya ko biyu a yini. Cikin kwana biyu zuwa uku za a ji bambanci. Gawayi a kwano ƙarƙashin gado yana shanye sauran. Turaren wuta mai yawa kuwa haɗuwa yake da warin ya tayar da zuciya, har marar lafiyar ta tsani ƙamshin da take so a da.

Banda aidin mai zafi, banda sifirit, banda ruwan kumfa na haidurojin. Ga mai sankarar bakin mahaifa da ke zubar ruwa mai wari, ana cusa ƙwayar Flagyl ɗin a farji da dare, in likita ya duba ya yarda.

Hajjo_Gombe
Zuma ta fi Flagyl a wurina, kuma kowa ya yarda da ita. Dangin da suka ƙi maganin asibiti ba sa ƙin zuma.

Nas_Tudunwada
Zuma na aiki Yaya Hajjo, ban musa ba, tana cire mataccen nama tana rage wari. Sai dai tana jawo ruwa, bandeji ya jiƙe da wuri, ga kiyashi, ga wadda ake haɗawa da sukari a kasuwa. Kuma kada dangi su ɗauka warkewa za ta yi, gyambon daji ba ya rufewa da zuma. Idan jini ya ɓalle: a danna da gozi minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Ana daka ƙwayar taranekzamik, maganin tsayar da jini, ta 500 a sa a wurin. A tanadi tawul mai duhu, kore ko baƙi, domin jini a farin zane yana firgita marar lafiya da yara fiye da yawansa.

Malam_NaZaure
Ina bin bayananku, Allah ya saka da alheri. Ta ɓangaren addini, abin da mutane ke tambaya shi ne ko maganin da ke iya sa maye ya halatta. Malamai sun yi bayani cewa larura na halatta shi, gwargwadon buƙata, bisa umarnin likita amintacce. Neman sauƙin ciwo bai saɓa wa haƙuri ba. Hasali ma wanda zogi ya hana shi sukuni ba ya iya tsayar da hankali a salla. Marar lafiya ya yi salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, taimama ta isar idan ruwa zai cutar ko motsi ya gagara, mai robar fitsari hukuncinsa na mai yoyon fitsari ne. Azumi ya faɗi a kansa, a ciyar. Abin da na fi so ku tattauna shi ne ɓoye wa mutum ciwonsa. Akwai bashi, akwai amanar mutane, akwai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi. Wanda aka ce masa "taifot ce, za ka tashi" yaushe zai gyara waɗannan?

BabanIkram
Allah gafarta Malam, wani in ka gaya masa ranar zai karye, ya daina cin abinci. Dangi sun fi likita sanin nasu.

LikitanZogi
Duka biyun akwai gaskiya, amma ba a tilasta wa mutum labari, ba a kuma yi masa ƙarya. Tambayarsa ake yi: Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Kana so a yi maka bayanin sakamakon, ko a yi wa babban ɗanka? Wanda ya ce a gaya wa ɗansa, an girmama zaɓinsa. Wanda ya ce a faɗa masa, a faɗa kaɗan-kaɗan, a dakata, a bar shi ya yi tambaya. Akasarinsu sun riga sun sani, jikinsu ne. Su na ɓoye wa dangi, dangi na ɓoye musu, kowa na kuka a bayan ɗaki. Kuma ba a yanke wa mutum kwanaki, likita bai san ranar ba. Abin da za a iya cewa shi ne idan ana ganin canji wata zuwa wata, maganar watanni ce, idan mako zuwa mako makonni, idan kullum yana sauyawa to a kira na nesa.

Wani abu kuma game da tambayar farko. Irin wannan kulawa ba ta ƙarshen rai kaɗai ba ce. A binciken da aka yi a Boston ta Amurka aka wallafa a 2010, masu sankarar huhu da ta bazu waɗanda aka haɗa da masu kula da zogi tun farko sun fi samun natsuwa, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. Ana iya yin ta tare da kemo.

Hajjo_Gombe
To abinci fa? Nan ne rigima take a kowane gida. Ya ƙi ci, a ce a kira nas ta sa masa ƙarin ruwa da maganin ƙarin jini.

Ungozoma82
Ramar daji ba ta yunwa ba ce, ciwon ne ke narkar da tsoka ko da ana ci, shi ya sa ɗura ba ta mayar da jiki. Kafin a ce ya ƙi abinci a haska bakinsa da tocila. Farin abu a harshe da dasashi kamar gudajin madara, fumfuna ce, tana sa haɗiya zafi, nistatin na ruwa sau huɗu a yini ko fulukonazol na mako guda ya isa. A kurkure baki da ruwan gishiri bayan kowane ci, basilin a leɓe. Tashin zuciya: metokulofiramaid 10 minti 30 kafin abinci sau uku, su Dan_Maradi sun san shi da Primpéran, ko halofiridol 1.5 da dare in na mofin ne. Abinci kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano, abin da ransa ke so, kunun gyaɗa, fura mai ruwa-ruwa da nono, farfesu, kankana. Mai sanyi ya fi mai zafi shiga domin ba ya tashin ƙamshi. A zaunar da shi, kada a ba shi a kwance. In ya fara ƙwarewa ko tari da kowane kurɓi, a dakata, abin na tafiya huhu.

Ƙarin ruwa a kwanakin ƙarshe kumburin ƙafa yake ƙarawa, da ruwan ciki, da majina a ƙirji. Ƙishin da yake ji na bushewar baki ne, auduga ko tsumma mai tsabta a jiƙa a shafa masa duk rabin awa.

Fisiyo_Kn
Ban yarda a ce ƙarin ruwa ba shi da amfani kwata-kwata ba. Wanda jiya yana zaune yana hira, yau amai da gudawa sun kwantar da shi, ko sinadarin kalsiyam ya hau masa saboda dajin ƙashi, yana ta fitsari da ƙishi da ruɗewa, ruwa na dawo da shi. Kada a karanta wannan zaren a hana kowa.

Ungozoma82
Shi ya sa na ce kwanakin ƙarshe, Malam Fisiyo. Wanda kake nufi daban.

Nas_Tudunwada
Sarƙewar numfashi: a zaunar da shi ya ɗan sunkuya a kan matashi, a buɗe taga, a rage mutane a ɗakin, a sa fanka ko mafici iskar ta riƙa bugun fuskarsa kai tsaye. Ba wasa ba ne, iska a fuska na rage jin shaƙewa. Mofin kaɗan, 2.5, shi ma maganin haki ne, wanda ke sha don zogi likita zai ɗan ƙara masa. Iskar oksijin sai in an auna an ga ta yi ƙasa a jini, in ba haka ba kuɗin silinda kawai za a yi ta zubarwa. In ruwa ne ya taru a ƙirji ko ciki, zuƙe shi a asibiti aikin yini ɗaya ne kuma sauƙin nan take ne. A nan ne camfin "daji ba ya son ƙarfe" ke cutar da mutane.

Sai juyi duk awa 2 ga wanda ba ya motsi, a duba ƙugu, gindin baya, diddige da kunnuwa. Jan da bai ɓace ba bayan an danna, gyambon kwanciya ne ya fara. Zanen gado a miƙe ba tattara, leda a ƙarƙashin zane ba a jikin fata ba.

Uwar_Jinya
Na gode ƙwarai. Saura abu biyu. Idan ya fara sambatu yana fizge-fizge da dare, dangi kan ce mofin ne ko kuma iska. Sannan in ya daina haɗiya, yaya za a yi da maganin?

LikitanZogi
Kafin a zargi kowa a taɓa mararsa. Mafitsara cike da fitsarin da ya ƙi fita na sa mutum fizge-fizge, robar fitsari ta warware shi cikin minti biyar. Sai kashin da ya toshe, zazzaɓi, zogin da ba a kashe ba, deksametazon da aka sha da yamma maimakon da safe, gazawar hanta ko ƙoda. In an duba waɗannan, halofiridol 0.5 zuwa 1.5 ke kwantar da ruɗewa. Diyazefam shi kaɗai yakan ƙara rikita tsoho. A bar fitila mai sauƙi a kunne, fuskar da ya sani a kusa, kada a ɗaure shi.

In haɗiya ta gagara ba a yanke mofin, zogin na nan ko da ba ya magana, za a gani a ɗaure goshi da nishi lokacin juyi. Ana ɗiga mofin na ruwa mai ƙarfin nan kaɗan a gefen kunci, ko a ba da ta dubura adadi ɗaya da na baki, ko allura ƙarƙashin fata a rabin adadin na baki. Ƙwayar mofin mai aikin awa 12 ba a daka ta, duk na awa 12 zai shiga jini lokaci guda. Kakarin majina a maƙogwaro kuma, a juya shi gefe, a ɗan ɗaga kai, a share abin da ya fito baki, Buscopan 20 ƙarƙashin fata yana hana sabuwa taruwa. Ya fi damun masu saurare fiye da shi.

Malam_NaZaure
A lokacin ne ake laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne, ba da matsawa ba, in ya faɗa a bar shi. A hana koke-koke da maganar gado a kansa, ji na daga cikin abin da ke jimawa.

Dan_Maradi
Filastan fentanil na kashe zafi da wasu ke aikowa daga waje fa, ba ya maye gurbin duk wannan wahalar ta awa 4?

MaiFamasi_Shika
Ga wanda zoginsa ya daidaita kuma ya riga ya saba da mofin, e. Mai lamba 25 daidai yake da mofin na baki kusan 60 a yini, don haka manna shi ga wanda bai taɓa sha ba haɗari ne babba. Yana ɗaukar awa 12 ko fiye kafin ya fara aiki, ana sauya shi duk awa 72, ba a yanka shi. Zafi na sa fata ta zuƙe shi da sauri, zazzaɓi, ruwan zafi, kwanciya a rana, ga kuma gumin watan Afrilu da ke ɓamɓare shi. Duk da shi sai an ajiye mofin na ruwa don ɓarkewar zogi.

BabanIkram
Na ji bayanin kwalba da rajista, na sauko kaɗan. Amma duk wannan lissafin yana buƙatar likitan da zai rubuta da famasin da ke da shi. Mutumin ƙauye da ke tafiyar awa uku zuwa asibitin koyarwa, duk bayan mako biyu zai dawo karɓa?

Nas_Tudunwada
Nan gizo ke saƙar. Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta mofin tun 2004, bayan aikin da Dakta Anne Merriman ta fara a can a 1993, shi ya sa yake kai wa ƙauye. A Nijeriya sashen irin wannan jinya ya fara ƙarfi ne a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma har yanzu manyan asibitoci ne ke haɗa na ruwan. Abin da dangi za su iya: kafin sallama su nemi a haɗa su da sashen kula da zogi ko likitocin sa barci, su karɓi takarda mai sunan ciwon da jerin magunguna, da lambar wanda za a kira, su tambaya ko wani ɗan uwa zai iya zuwa karɓar magani da takardar lissafin ba tare da an ɗauko marar lafiyar ba. A koma karɓa saura na kwana uku a kwalba, ba ranar da ta ƙare ba.

Fisiyo_Kn
Ƙari kan na Likita tun sama: farasitamol ba a daina shi don an fara mofin in yana taimakawa, giram 1 sau huɗu. Amma mai sankarar hanta, ko wanda bai kai kilo 50 ba, a rage zuwa 500. Kuma a bincika jakar magani, sau da yawa akwai haɗe-haɗen kyamis biyu ko uku duk da farasitamol ko diklofenak a ciki, ga deksametazon a gefe babu omefirazol mai kare ciki daga olsa. Baƙin kashi kamar kwalta in an gani, alamar zubar jini ce a ciki, a tsayar da diklofenak ɗin ranar.

Hajjo_Gombe
Ita mai jinyar fa, wadda ke tashi ƙarfe 2 da ƙarfe 6, ga juyi duk awa 2? Mutum ɗaya ba zai iya ba. A raba kwana tsakanin mutum uku aƙalla, a manna takardar magani a bango kowa ya sa alama in ya bayar, don kada a ba da sau biyu. Masu zuwa dubiya kuma a sa musu lokaci, bayan la'asar, minti goma. Sista Nas, a ƙauyen da babu audugar mata da gozi, tsohon zanen atamfa da aka tafasa aka shanya a rana zai yi a kan gyambon, ko zarensa zai maƙale?

Nas_Tudunwada
Zai yi, in auduga ce zalla kuma ta sha wanki ta yi laushi. A shafa basilin a gefen da zai taɓa naman, a goge da dutsen guga bayan shanya. Wanda ya jiƙe da jini ko ruwan gyambo sosai a ƙone shi, kada a sake wankewa.